Tambaya: injin kaɗi na lantarki zai yi min zaren rigar masunta?

'Yar Argungu:

Slm 'yan uwa, don Allah masu sana'ar saƙa ku matso kusa. Ni dai ina saƙa da ulu, kayan jarirai da huluna da 'yan suwaitoci na 'yan makaranta, da kwarashi na fara daga baya na koyi kibiya. To shekaranjiya ina ta yawo cikin YouTube sai na faɗa kan wata baturiya tana kaɗi da wani ɗan inji da bai wuce girman rediyo ba, babu takawa da ƙafa babu komai, ta jona shi da wuta kawai yana juyawa ita kuma tana sakar mai gashin tumaki a hankali zare na naɗuwa, wlh na fi awa ɗaya ina kallo har tuwona ya kama. Da zaren ne ta saƙa wata riga mai ruwan bula mai duhu wadda ta ce ta masuntan ƙasarsu ce tun kaka da kakanni, gansi suke ce mata.

Abin da ya ja hankalina shi ne Babanmu. Har yau bai bar su ba duk da tsufa ya fara kama shi, in hunturu ya shigo tun kafin kiran assalatu yake fita gulbi, da wata tsohuwar jaket ta gwanjo da zif ɗinta ya mutu tun bara, ya dawo yana tari. Na ce ko zan iya yi mai irin wannan rigar da hannuna tun daga zare. Tambayata: injin ya cancanci kuɗinsa? Zai yi aiki da wutarmu da kun san halinta? Kuma gashin tumakinmu na gida zai kaɗu, don muna da raguna uku kuma da sallah fatu kawai ake kwashewa.

Mai kibiya, Gusau:

Wslm ƙanwata, Allah ya yi miki albarka da wannan niyya. Bari in fara da wanda zai ɓata miki rai: ragunanki ki bar su su sha iska. Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su ba ulu ba, gajere ne mai tauri ga santsi, ko kin matsa mai ya murɗu zai riƙa zamewa, in ma ya zama zare wanda ya sa shi zai yi ta susa kamar ya kwana cikin ƙaiƙayi. Masu ulu na gaske a yankinmu sai tumakin Masina can ƙasar Mali, da su Fulanin wurin ke saƙa barguna masu kauri.

Ita kuma gansi na yi guda ɗaya a rayuwata, wa maigida, kuma na rantse ba na ƙarawa sai dai in kan kuɗi ne masu kauri. Sunan daga tsibirin Ganzi ya samo asali, wanda ke cikin teku tsakanin Ingila da Faransa, amma garuruwan masunta na gaɓar Ingila da Sikotlan duk sun yi ta, mata ne ke saƙa wa mazajensu da 'ya'yansu. Sirrinta ba ado ba ne, matsi ne. Zaren siriri ne, sili biyar aka murɗe wuri ɗaya ya yi tauri, kibiyoyin kuma na ƙarfe ne sirara wajen milimita 2 ko ɗan sama da haka, masu tsini gaba da baya, ana saƙa ta zagaye kamar safa. Saboda matsin nan iska ba ta ratsa ta da sauƙi, yayyafi ma yakan ɗan jima kafin ya shige. Ƙirjin babban mutum sai kin ɗora ido, wato madaukin zare a kan kibiya, ɗari uku da wani abu a layi guda, ki lissafa da kanki layi nawa ne daga ƙugu zuwa wuya. Wata huɗu na yi, ɗan yatsana na nuni har kanta ya yi.

Amma akwai dabarun da ke cikinta da na ga sun fi zaren ma daraja, su nake so ki ɗauka. Babu ɗinki ko ɗaya a jikinta, to babu inda za ta farke. A hammata ana saƙa wani ɗan ƙari mai kusurwa huɗu, kamar dai wanda telolinmu ke sa wa taguwa, don in mutum ya ɗaga hannu zai jefa taru rigar ba za ta biyo shi sama ta bar cikinsa waje ba. Hannun riga kuma daga kafaɗa ake farawa a gangaro, in bakin ya cinye sai ki warware wurin kawai ki sake. Adon igiya da tsani da idon raga yawanci a ƙirji ake zuba shi, wurin ya ƙara kauri. Wasu har harufan sunan mai rigar suke saƙawa ƙasa kusa da ƙugu. Za ki ji ana cewa wai kowane gida da adonsa don a gane gawar wanda ruwa ya ci, musamman game da farar rigar tsibiran Aran na Ailan, wannan kam masu sayar da riga ne sunka ƙara mata gishiri.

Jikar mai mazari, Jega:

Anti Mai kibiya ta gama magana kan riga, ni bari in yi ta kaɗi don cikinsa na tashi. Kakarmu Allah ya jiƙanta in ta zauna bayan la'asar da taskira gabanta, kaɗa ce sai ta gurje ta fidda angurya, ta shiɓe ta da baka ta yi laushi kamar kumfa, ta shafa alli a yatsu ta murza mazari, gululu na ta juyi ita tana jan hannun hagu sama har ya miƙe kuma bakinta bai daina ba mu labari ba. Abawa daban zare daban, hannunta ya san bambanci ba sai ta duba ba.

Me ya sa na kawo wannan? Don ki gane injin nan aikin mazari kawai ya karɓa. Shi ne ke murɗawa, shi ne ke naɗewa a kan ƙwarƙwaro, shi ke nan. Jan ulun, da sanin yawan da za ki saki don kar wuri ya yi kauri wuri ya yi siriri, wannan yana hannunki har gobe. Ni na taɓa amfani da shi wajen wata 'yar uwarmu da ta zo da shi daga waje, ranar farko na murɗa maɓallin gudu sama don ina ganin ai na iya, kafin in ce me zaren ya ƙudundune kamar taliyar yara ya tsinke ya shige ciki, muka yi ta neman bakinsa da tsinke. Sai da na rage gudu ƙasa sosai kana na samu kansa. Daɗinsa dai baya ba ya ciwo kuma ƙafa na hutawa, kuma in an zo haɗa sili biyu ko uku wuri guda nan ne yake burge ni, abin da zai ci wuni da mazari sai ki gama kafin magariba. Ki lura kawai, in kin kaɗa sili ta dama to haɗawa ta hagu ake yi, akwai makunnin da ke juya shi, in kika manta murɗin zai yi yawa zaren ya ƙudundune.

Gaskiyar da zan gaya miki ita ce sili biyar sirara masu kai ɗaya ba aikin ɗan koyo ba ne. Rigar babba za ta ci sama da rabin kilo, wato duk tsawon zaren da za ki saƙa sai kin kaɗa shi sau biyar kafin ki kama kibiya. Baba zai yi hunturu biyu yana jira.

Ɗan Sarkawa, Yauri:

Salamu alaikum iyayenmu mata, ku yi haƙuri namiji ya shigo muku zance, ni ban san kibiya ba amma ruwa na sani. Hajiya 'Yar Argungu abu ɗaya zan roƙe ki, kar wani ya ce miki tunda ulu ya yi wuya ki kaɗa auduga ki yi mai da ita. Auduga in ta jiƙe ta zama abokiyar gaba, nauyi take yi ta manne a jiki ta riƙa tsotse ɗumin mutum, gara ka tuɓe ka zauna haka nan. Mu da muke kwana bisa kogin Kwara cikin watan Janairu mun sani, iskar asuba in ta biyo ruwa har cikin ƙashi kake jin ta. Ulu na gaske ko ya ɗan jiƙe da sauran ɗumi.

Sannan ki tambayi Baba irin sun da yake yi yanzu. In cikin jirgi yake zama yana duba taru da mamari to riga ta yi. In kuwa irin naku ne na Kabawa a rungumi gora a faɗa ruwa da homa, kamar yadda muke gani a gulbin Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, to ba rigar da za ta shiga nan, sai dai wadda zai tarar a gaɓa in ya fito. Kuma ki yi hannun ya tsaya sama da wuyan hannu kaɗan, kar ki sa maɓalli ko aljihu a gaba, taru ba ya ganin abu ya ƙyale. Na taɓa rasa rabin riga haka, kifi na hannu ga ni ina kokawa da maɓalli.

Mai gyaran sola, Birnin Kebbi:

Batun wuta ba matsala. Yawancinsu 12 volt suke ci, irin na kamfanin Ashford na Niyu Zilan da wasu ƙanana na Amurka, wutarsu ba ta taka kara ta karya ba, batirin sola na gida zai ja shi. Ki dai duba abin da anka rubuta jikin adafta kafin ki jona. Inda gizo ke saƙar shi ne dala da kuɗin kawowa, da kuma in bel ya tsinke ba a kasuwarmu za ki samu ba, ki sayo da na ajiya.

Mai kibiya, Gusau:

Na manta ban gaya miki yadda na samu nawa zaren ba. Gwanjo! Ki je wajen masu dila lokacin da zafi ya fara, kayan sanyi sun faɗi, ki zaɓi manyan suwaitoci na maza masu launi ɗaya. Ki ɗan zaro sili daga ciki ki kyasta mai ashana, in ya yi ƙauri irin na babbakar kan rago kuma tokar ta murmushe a yatsa to ulu ne, in ya narke ya dunƙule kamar leda ki ajiye musu kayansu, shi ne irin wanda muke saye ƙulli-ƙulli a kasuwa muna kira ulu alhali roba ce. Ki juya cikin rigar kuma ki duba gefe, wadda anka yanka anka bi da keken ofalok ba ta warwaruwa sai guntu-guntu. In kin warware ki naɗe a bayan kujera, ki jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi ba cuɗawa ba murzawa, don in kika cuɗa cakuɗewa zai yi ya zama kamar tabarma, ki shanya a inuwa ki rataya mai ɗan abu mai nauyi ya miƙe. Zaren kamfani siriri ne kuma kansa ɗaya, ki haɗa uku ko huɗu ki murɗe, ko da mazari ma za ki iya.

'Yar Argungu:

Kai ngd sosai wlh, Allah ya bar zumunci. Malam na Yauri na tambaye shi da dare, ya ce shi da faɗawa ruwa sai dai kallo yanzu, jirgi yake shiga da ƙanena. Da na nuna mai hoton rigar a waya ya daɗe yana kallo sai ya ce wuyan ya yi mai tsawo zai shaƙe shi, kuma shi baƙa yake so don kar ƙarni ya nuna, kamar launi ne ke hana wari. Inji dai na ɗaga mai ƙafa tukuna, ranar kasuwa zan je da ashanata. Anti Jikar mai mazari akwai tsohon mazarin Innarmu cikin adaka amma gululun ya fashe, har yanzu ana samunsa a Jega ko sai na sa masu tukwane sun gina min? Anti Mai kibiya ke kuma don Allah ki turo min hoton hammatar nan ta ciki da waje, ita ce ban gane yadda ake fara ta ba.