Sun kawo takardar dasa itace a gonarmu ta gado, in sa hannu ko in bari?

Manomin Augie:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Mahaifinmu ya rasu a 2018, ya bar mana fadama eka 4 a bakin gulbi da gonar tudu eka 9. Ni ne babba, komai a wuyana yake. A 2020 na ci bashi na zuba a shinkafa, ta yi kyau har ta ɗauki ciki, dare ɗaya ruwa ya taso ya shafe ta. Da safe da kwalekwale munka shiga gonar, kan bukkar da muke ajiye inji kawai ake hange. An zo an rubuta sunayenmu har sau biyu, abin da ya iso hannuna tabarma ce da kwano uku na masara. A 2022 ruwa ya sake ci. Na koma noman rani, sai ga cire tallafin mai a 2023, yanzu inji ke cin ribar kafin ni.

To, watan jiya wasu mutane sunka zo da farar mota, sun ce kamfani ne mai dasa itatuwa saboda sauyin yanayi. Suna son gonar tudun shekara 30. Su za su kawo dashe, su haƙa rijiyar burtsatse, in itace ya girma an auna shi a riƙa biyanmu duk shekara daga kuɗin "kabon". Takardar shafi 14 ce da Turanci, na karanta na farko da na ƙarshe. Sun ce gwamnati ta san da su. Ranar Juma'a za su dawo karɓa. Don Allah wanda ya san harkar nan ya ba ni shawara.

Ɗan Kamba:
Wa alaikumus salam. Kada ka sa hannu, malam. Ƙasashe masu arziki su sunka ƙona duniya da hayaƙin masana'antunsu, yanzu kuma gonar geronka suke so ta shanye musu hayaƙin. Mu nan an taɓa zuwa da dashe mota guda, an yi hoto da manya, kafin kaka awaki sun gama da shi. Ni aka sa ban-ruwa wata huɗu da jarka a kan mashin, har yau ban ga sisina ba.

Tsohon Malamin Gona:
Ɗan Kamba, abin da ba ka sani ba ka bar wa masu shi. Shekara 31 na yi ina aikin gona, bari in warware muku. Itace in yana girma yana zuƙe iskar kabon, wadda ita ce ke ɗumama duniya. Duk tan ɗaya da aka tabbatar an zuƙe, ana ba da takardar shaida guda, sai kamfanin jirgin sama ko na mai a Turai ya saya ya ce ya rage laifinsa. Ba damfara ba ce a asalinta, tana cikin sashe na 6 na yarjejeniyar sauyin yanayi ta Faris ta 2015, kuma a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a birnin Baku a 2024 aka kammala ƙa'idojinta. Mu ma nan Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a Nuwamba 2021, aka kafa majalisar ƙasa ta sauyin yanayi wadda shugaban ƙasa ke jagoranta, kuma a taron sauyin yanayi na birnin Gilasgo ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da muke fitarwa ba zai wuce wanda ake zuƙewa ba. Duniya ta riga ta juya can. Wanda ya tsaya jiran kuɗin diyya zai tsufa a layi: tun 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara, a Baku suka mayar da shi 300, ka ga ko kwabo a Augie? Ɗana, gonar tudunku ta gaji, ni na san ƙasar wajen, rairayi ne. Ka sa hannu.

Ɗan Kamba:
Baba, da girmanka, kai da bakinka ka ce alkawarin biliyan 100 bai iso Augie ba. To na farar mota ne zai iso?

Maman Sadiq:
Ni tambaya ɗaya gare ni. Ka ce "ya bar mana". Ku nawa ne? An raba gadon? Akwai mata a ciki? Don ni haka yayanmu ya jinginar da gonar babanmu ba mu sani ba, sai da mijina ya rasu na koma gida neman inda zan shuka ko gyaɗa, na tarar da wani yana huɗa a ciki. Shekara 7 muna zaryar kotu, yanzu ko gaisawa ba ma yi.

Manomin Augie:
Hajiya, mu tara ne, mata biyar, kuma mahaifiyarmu na raye. Ba a raba ba saboda kowa ya yarda in riƙe. Ni nake ciyar da gidan, ni na aurar da biyu, lokacin ambaliya ba wanda ya taya ni biyan bashi ko da naira ɗaya. Ba sayarwa zan yi ba, haya ce kawai.

Maman Sadiq:
Hayar shekara 30? Autarku in tana da 15 yanzu, sai ta kai 45 kafin ta taka rabonta. Tumunin mahaifiyarku fa? Yarda ka riƙe daban, yarda ka bayar daban.

Tsohon Malamin Gona:
Maganar gado a yi ta a gida, ba ita aka tambaya ba. Abin da nake so ku gane, Kebbi na cikin jihohi 11 da hamada ke ci, tare da Sakkwato da Zamfara da Katsina har zuwa Borno. Don haka Tarayyar Afirka ta fito da shirin ganuwar itatuwa a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015. Bankin Duniya ma ya amince da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 don gyaran ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Itace dole ne, ko da kamfani ko babu. Gara wanda za a biya ka.

Ɗalibin Lauya:
Yaya, ni ban gama karatu ba, amma ga abin da zan duba in ni ne. Shafuka 12 ɗin da ka tsallake, nan maganar take. Wa ke da itatuwan bayan an dasa? In fari ya kashe su, ko gobara, ko wani ya sare da dare, wa zai biya? Za ka iya shuka gero a tsakaninsu ko an hana? Kuɗin shekara adadi ne a rubuce ko kaso ne "bayan an cire ɗawainiya"? Sannan suna da ikon sayar da yarjejeniyar ga wani kamfani ba da saninka ba? Kuma "gwamnati ta san da mu" ba hujja ba ce, su nuna takarda. Dokar ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar jiha amana a hannun gwamna, gonakin karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izininsu, haya mai tsawo irin wannan ba a bakin mota ake ƙulla ta ba. A 2023 an yi ta hayaniya a Laberiya kan wani kamfanin Dubai da ya nemi kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasarsu, shi ma shekara 30. Ɗauko hoton shafukan ka turo.

Manomin Augie:
Takardar ba ta hannuna yanzu, wakilinsu ya karɓa ya ce zai gyara sunan mahaifinmu da aka rubuta ba daidai ba. Amma mutanen kirki ne, tare munka yi sallar La'asar, kuma ta gidan mai gari sunka biyo.

Ɗalibin Lauya:
Ba su bar maka kwafi ba?

Bazamfare:
Ku dai kuna da gonar da za ku yi gardama a kai. Mu a wajenmu shekara uku ba mu taka gonar da ta wuce bayan gari ba. A rediyo kullum sai a ce sauyin yanayi ne ya haɗa manomi da makiyayi, to sauyin yanayi ne ke karɓar kuɗi kafin a bar ka ka yi girbi? Allah ya kawo mana sauƙi.

Ɗan Kamba:
Amin. Ni abin da nake gani da idona a ƙetaren iyaka ya ishe ni. Mutanen Nijar, musamman wajen Maraɗi da Damagaram, ba kamfani sunka jira ba. Sassaben zamani suke yi: in kututture ya tofo a gona ba a ƙone shi, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Gawo ya cika gonakinsu, shi kuwa da damina yake kaɗe ganye, gero na yi a gindinsa fiye da ko'ina, da rani dabba ta ci 'ya'yansa. Wane itace ma sunka ce za su dasa maka? In turare ne, ka yi bankwana da danshin gonar.

Manomin Augie:
Sun ce kashu da wani iri mai saurin girma, ban riƙe sunan ba. Sassaben da kake faɗi na ji, amma gawo ba ya biyan bashi bana. Ku kuna magana ne ba ku san halin da nake ciki ba. Kuma gaskiya akwai abin da ban faɗa ba, sun ba ni naira 250,000 kafin alƙalami, na sayi mai na biya kuɗin maganin tsohuwa, saura kaɗan.

Maman Sadiq:
Inna lillahi. To shawarar me kake nema?

Ɗalibin Lauya:
Ka sa hannu a wani abu lokacin karɓar kuɗin?

Manomin Augie:
Wata 'yar takarda ce ta shaidar na karɓa, da dangwale. Ba ita ce babbar ba.

Tsohon Malamin Gona:
Ka ga ni, ai magana ta ƙare. Ɗan damfara karɓa yake yi, ba ya bayarwa. Ku masu tsorata yaro, Najeriya ko kashi 1 cikin 100 na hayaƙin duniya ba ta fitarwa, Afirka duka ba ta kai 4 ba, amma mu ruwa ke ci. In yau kuɗinsu ya biyo hanya ya zo ƙofar gida, mu ce ba ma so? Asusun biyan asarar sauyin yanayi da aka amince da shi a taron Masar a 2022, sai ya bi ta hannu nawa kafin ya ga Augie? Wannan kuwa hannu da hannu ne.

Maman Sadiq:
Baba, mai neman eka 9 ai ba zai ji ciwon 250,000 ba. Kai kuma ƙanena, tara 'yan uwanka daren nan ka gaya musu, tun kafin su ji a bakin mai gari.

Manomin Augie:
Zan gaya musu in an gama, kada a yi ta surutu abin ya lalace. Na kira wakilin kan kwafin, ya ce sai Juma'a zai taho da shi gaba ɗaya.

Baƙo daga Suru:
Salam. Don Allah mai lambar mutanen nan ya tura min ta akwati, muna da eka 6 a tudu ba ma komai da ita.