Wace kalma za mu ba "bakyum" a Hausa?

Malamai, ina neman sunan Hausa ga abin da Turawa ke kira bakyum, wato wurin da babu iska, babu ruwa, babu wani abu mai jiki a cikinsa. Sai da wannan kalma ake iya bayyana abin da ya sa sararin samaniya yake tsit.

Sauti dai girgiza ce. Abu ya kaɗa, ya tunkuɗi ƙwayoyin iskar da ke gefensa, su ma su tunkuɗi na gaba, har ta iso dodon kunne. A iska yana cin mita 343 a daƙiƙa, a ruwa kusan 1,500, a ƙarfe ya haura 5,000. In babu ƙwayoyin da za su yi ta miƙa wa juna, tafiya ta ƙare. Masanin kimiyya Robert Boyle ya gwada haka a 1660: ya rufe agogo cikin tulun gilashi, ya yi ta zuƙe iskar da famfo, ƙarar na dusashewa har ta ɓace, alhali agogon bai tsaya ba.

An kawo "fanko". Bai yi ba. Fankon kwalba cike yake da iska, hura bakinta ka ji kukan da za ta yi. "Holoƙo" ma haka. "Sarari" kuwa mun riga mun ba samaniya. Wani ya ce "kurman wuri", kuma wallahi da daɗin ji, sai dai sauti kaɗai ya duba. Haske na ratsa wurin lafiya lau, haka saƙon rediyo, wanda da shi 'yan sama jannati ke magana da juna.

Ni na tsaya a kan "wayam". Idan Bahaushe ya ce ya leƙa ya ga wayam, ba ya nufin akwai saura. Mu mai da ita suna: sauti ba ya ratsa wayam, wata yana cikin wayam.

Amma a kula, duniyar Mas ba wayam ba ce. Iskarta ba ta da kauri, duk da haka a 2021 makirufon motar binciken da aka aika Mas mai suna Perseverance ya naɗo hucin iska a can, kuma sauti na tafiyar kusan mita 240 a daƙiƙa. Ko tsakanin taurari ma akwai 'yan ƙwayoyi jefi-jefi, sun dai yi wa juna nisan da ba za su kai wa kunne komai ba. Don haka za mu buƙaci "cikakken wayam" da "kusan wayam".

Wanda "wayam" bai kwanta masa ba, ya kawo tasa tare da jimlar da za mu gwada ta.