Wace kalma za mu ba dabarar "force" ta masu rufa ido?

1/ Jama'a, ina neman kalma. Masu rufa ido na Turai da Amurka suna da dabarar da suke kira "force": a buɗe maka karta a ce zaɓi wadda ka ga dama, ka zaɓa da hannunka, alhali tun kafin ka miƙa hannu an gama yanke wadda za ka ɗauka.

2/ A wani bincike da aka wallafa a 2015, Jay Olson na Jami'ar McGill a Kanada, wanda shi kansa ɗan dabo ne, ya gwada ta a kan mutum 118. Yana fifita kartar da sauri a gaban idonsu, sai ya bar guda ɗaya ta ɗan jima fiye da sauran. Kashi 98 cikin ɗari ita suka zaɓa, kashi 91 kuma suka ce babu abin da ya ja ra'ayinsu. Wannan na biyun shi ne ke ba ni wahalar fassara.

3/ "Tilastawa" ta faɗi tun a nan. Wanda aka tilasta ya san an danne shi. "Ɗauki-ɗora" ta ’yan siyasa ma haka, daliget ya san an yi masa, shiru kawai ya yi. "Zaɓen tumun dare" kuwa mai zaɓen ne ya lalubo cikin duhu, ba wanda ya shirya masa. Na so "jeka-na-yi-ka", amma tana bayyana halin ɗan kallo ne, ba aikin mai wasan ba.

4/ Ni dai na tsaya a kan "kaɗa zaɓi". Ku duba yadda makiyayi ke kaɗa garke zuwa mashaya: ba igiya, ba duka, ya tsaya ta nan, ya ɗaga sanda ta can, saniya tana ganin ƙishinta ne ya kai ta. Kuma tana shiga jimla ba tangarɗa: "ya kaɗa masa zaɓi".

5/ Akwai wani reshenta, "equivoque". Abu biyu a tebur, a ce taɓa ɗaya. In ka taɓa wanda ake so, "to riƙe shi". In ka taɓa ɗayan, "to mu kawar da shi". Wannan ba sai mun ƙirƙira ba, harshen damo ne tsagwaronsa.

6/ Inda nake ɗan ɗari-ɗari: kunne ya saba da "kaɗa ƙuri'a", kada a ji "kaɗa zaɓi" a ɗauka ranar zaɓe ake nufi. Mutanen Damagaram da Maraɗi, yaya take faɗa muku a kunne?