A kawo mariri Jos a kiwata, ko a bar shi a sahara?

Malam Sani: Jama'a, ga magana. A 2000 aka ayyana cewa mariri, babbar dabbar nan dangin barewa mai dogayen ƙahoni, ya ƙare a daji. Da waɗanda aka ajiye a gidajen namun daji aka mayar da shi Chadi a 2016, kuma a 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Shinge ne ya cece shi. Me zai hana a kawo wasu gandun namun daji na Jos mu ma mu kiwata?

Dakta Hauwa: Malam, shinge ya taimaka, amma ba kowane shinge ba. Ruwan da Jos ke samu a shekara ya kai wajen milimita 1,400. Ka tara dabbar sahara a ƙaramin fili da damina, tana kiwo inda take kashi, tsutsar ciki za ta fara kayar da ƙananan. Sai ciwon kofato saboda laima. Ɗan'uwansa adaks ma ya fi muni, kofatonsa mai faɗi ne, don taka rairayi aka halicce shi.

Alhaji Bala: Kuma aikin Chadi ba buɗe ƙofa kawai aka yi ba. An tattaro dabbobin a Abu Dhabi, har da na Turai da Amurka, aka duba jininsu don kada 'yan uwa su riƙa barbarar juna. Aka yi musu rigakafi, aka ɗauko 25 na farko a jirgi. Sun yi watanni a wani shinge cikin dajin Ouadi Rimé-Ouadi Achim suna sabawa da zafi da ciyawar wurin, aka ɗaura musu na'urar bibiya a wuya, sannan aka sake su da damina, ciyawa ta fito. Dajin nan kusan murabba'in kilomita 78,000 ne. Gandun Jos bai wuce 8 ba.

Malam Sani: Alhaji, to wanda aka bari a babban dajin fa? Nijar ta keɓe Termit da Tin Toumma a 2012, wajen murabba'in kilomita 97,000. A 2016 aka yi bincike, adaks uku kacal aka gani. Ina amfanin baɗi ba rai?

Dakta Hauwa: Ai ba faɗin dajin ne ya cinye su ba, bindiga da mota ne. Da aikin haƙar mai ya shiga yankin, hanyoyi suka buɗe, masu makamai suka yi yawa. Adaks ba ya jure gudu mai nisa; a kora shi da mota cikin zafin rana sai ya zube. Ko dubu ka kiwata a Jos, in ka sake su babu masu gadi, babu yardar makiyaya, haka za su tafi.

Alhaji Bala: Ni fa abin da ke damuna, muna hangen mariri ga tamu barewar tana ƙarewa a Borno da Yobe. A Abuja ana sayen ɗan barewa a ajiye a tsakar gida don ado, alhali sau da yawa sai an kashe uwar kafin a kama shi. A ɗura masa madarar gwangwani, gudawa ta kashe shi.

Malam Sani: Wannan kam na yarda. To a fara da barewar a shinge mana.

Dakta Hauwa: A Yobe dai, Malam. Ba Jos ba.