Muhawara a wani zauren Sakkwatawa kan aikin fatar da aka cire daga baje koli

Mai Zane (Arkilla): Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu na kwashe ina haɗa wani aiki a kan jar fatar akuya. Na liƙa fasassun ƙwarya da ɗiyan wuri da ƙusoshi masu tsatsa, na shafe su da gawayi da toka, na bar tsakiyar wayam, inda ya kamata a ga fuska. Ni kaina ba na son kallonsa da dare, domin idan hasken fitila ya sauka a kan ɗiyan wurin, sai ka rantse idanu ne suke bin ka. Jiya masu shirya wani baje koli suka cire shi, wai ya yi kama da kayan tsafi. Adalci ne a wulaƙanta abin da na halitta da hannuna?

Malam (Kanwuri): Ɗana, janye kalmar "halitta" tukuna. Ya tabbata a Bukhari cewa ranar alƙiyama za a ce wa masu yin siffofi su raya abin da suka halitta. Ka ce ka ƙirƙira, ko ka haɗa.

Ɗalibi (Dundaye): Allah gafarta Malam, aya ta 14 a Suratul Mu'minun ta kira Allah mafi kyawun masu halitta, kuma masu tafsiri sun ce kalmar tana ɗaukar ma'anar tsara abu. Sannan aikin nan ba shi da fuska ma.

Malam: Larabci daban, Hausa daban. Bahaushe bai taɓa cewa maƙeri ya halicci fartanya ba.

Baduku (Mabera): Ni abin da ya ƙona mini rai fatar ce. An jeme ta da bagaruwa, an rina ta da karan dafi, irin wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, amma yaro ya bi ta da ƙusa da toka.

Wani daga Kano: Baba, ai yawancin fatar nan a Kano ake jeme ta kafin ta tafi.

Baduku: To akuyar ta wane gari ce? Ko a littattafan Turawa jar akuyar Sakkwato ake ce mata.

Mai Zane: Don Allah, maganar cire aikina nake yi.

Shugaban Zaure: An ja maganar ta isa. Abin da aka tsayar shi ne, Malam ya yi gaskiya game da kalmar, ɗalibi bai kawo hujjar da ta gamsar da kowa ba, fata kuma ta Sakkwato ce, ko baƙonmu ya so ko ya ƙi. Mai Zane ya gyara rubutunsa kafin magariba, in ba haka ba zan goge shi.