Me za mu kira SEO da Hausa? Kawuna na Farin Gada ne ya ja mini wannan aiki

Jama'a, malaman Hausa da 'yan harkar intanet, ku matso, kalma nake nema. Abin nan da Turawa ke gajarcewa SEO, wato search engine optimization, aikin sa shafi ya riƙa fitowa idan an yi bincike a Google, me za mu kira shi da Hausa? Jiya na kusa cinye awa guda a rumfar kawuna a kasuwar Farin Gada ina kame-kamen yi masa bayani, har shayin da aka kawo mini ya huce. Kun dai san sanyin Jos.

Ga mafarin zancen. Kawu dillalin kayan gwari ne. Dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, kabeji, karas, koren tattasai, yana lodawa zuwa otal-otal da gidajen abinci a Abuja. Bara wani yaro ya buɗe masa shafin intanet, ya karɓi kuɗi masu kauri, ya rantse masa duk wanda ya nemi dankali a Google sunansa zai fara gani. Shekara ta zagayo, ko kira ɗaya bai shigo ta shafin ba, lambar yaron ma ta daina shiga.

Na duba shafin a wayata na ce, "Kawu, ai shafin naku ba a yi masa SEO ba." Ya dube ni ya ce, "Esiyo kuma? Sayensa ake yi ko hayarsa, ɗana?" Na buɗe baki zan fassara, sai na ji wayam.

Rabin aikin, wato fassara search engine, an riga an yi mana. 'Yan jaridar Hausa sun daɗe suna kiran Google da shafin matambayi ba ya ɓata, wasu kuma su ce injin bincike, kuma duka biyun sun zauna a kunne. Kalmar ƙarshe, optimization, ita ce ƙashin da ya tsaya mini a wuya.

Kafin wani ya kawo mini "inganta injin bincike", na gan ta a rubuce-rubuce da dama, kuma ban karɓe ta ba. Duk Bahaushen da ya ji an ce za a inganta inji, bakanike zai hango da sifana a hannu. Injin na Google ne, yana hannunsu, babu wanda zai ba ka shi ka kwance. Abin da kake taɓawa shafinka ne. Fassarar ta juya maganar baibai, kuma irin wannan juyin ne ke ba 'yan damfara ƙofa: tunda mai shago ya ɗauka akwai wani maɓalli a cikin injin, sai ya yarda da wanda ya ce ya san inda yake. Google da kansu sun rubuta cewa babu mai iya ba ka tabbacin matsayi na ɗaya.

Ga waɗanda ba 'yan harkar ba, a gurguje. Google na da wata manhaja mai suna Googlebot da ke yawo daga shafi zuwa shafi tana bin mahaɗai, wato links ɗin da ake latsawa a tsallaka wani shafi, tana karanta abin da ta tarar. Abin da ta karanta sai a adana shi a wani makeken kundi. Idan ka rubuta tambaya, cikin kundin ake dubawa a jero maka amsoshi, wanda aka ga ya fi dacewa a sama. Aikin da nake nema wa suna shi ne duk abin da mai shafi zai yi don manhajar ta same shi, ta gane me yake sayarwa, a kuma ga ya cancanci a nuna shi. Ku kawo shawara. Sharaɗina ɗaya: kalmar da Kawu zai ji ya gane ba sai na ƙara awa guda ba.

Na dawo. Kai, ashe mutane na da ƙaiƙayin wannan magana. Na karanta amsoshinku duka, bari in bi waɗanda suka fi yawa.

"Tallan Google" ta fi kowace samun ƙuri'a, kuma ita ce ta fi haɗari. Talla daban take. Sakamakon da ke fitowa can sama da tambarin cewa an biya, wannan ita ce talla, ta tsarin Google Ads, galibi kana biya ne duk lokacin da wani ya latsa, ranar da kuɗinka suka ƙare ka ɓace. Jerin da ke ƙasa da su ba a sayen gurbi a cikinsa. In muka kira duka biyun talla, gobe mai shago zai biya kuɗin ɗaya yana jiran amfanin ɗayan.

Wata baiwar Allah ta ce "kwalliyar shafi". Hajiya, shafin Kawu kwalliya ce ta kashe shi. Hotuna manya-manya suna juyawa a fuskar farko, kowanne da nauyinsa kamar buhun dankali, farashi da lambar waya duk a cikin hoto aka rubuta su maimakon a rubuce a fili. Na tsaya a bakin rumfa da wayata ina jira ya buɗe har na ƙosa. Ma'aunin da Google ke bayarwa shi ne babban abin da ke fuskar shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma akwai wurin gwaji kyauta, PageSpeed Insights, ka sa adireshinka ya faɗa maka abin da ke ja maka baya. Sannan yanzu fuskar da shafi ke nunawa a waya ita Google ke dubawa wajen jera shi, ba ta kwamfuta ba. Wannan kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

"Baje koli" ta yi kusa, amma tana da mai ita, kowa ya ji ta kasuwar baje koli zai tuna. "Saitin bincike" kuma za a ɗauka wurin canza tsare-tsaren waya ake nufi.

Wanda ya ce "kamun ƙafa" ya ba ni dariya, amma ban yar da kalmarsa ba, na ajiye ta don wani aikin. Asalin dabarar da Larry Page da Sergey Brin suka gina Google a kanta a 1998, suna ɗalibai a jami'ar Stanford, ita ce ɗaukar mahaɗi tamkar shaida: idan shafuka masu mutunci suna nuni zuwa naka, alama ce kana da abin faɗa. Da mutane suka gane haka sai aka buɗe kasuwar sayen mahaɗai, a biya a watsa sunanka a ɗaruruwan shafukan banza. A 2012 Google suka fito da sauyin da ake kira Penguin don maganin masu wannan, shafuka da yawa suka rufto. To wannan haramtacciyar hanyar, ita ce kamun ƙafa. In wani ya ce zai sayar maka da mahaɗai dubu, shaidar zur yake tallata maka.

"Neman sahun gaba" ta yi mini daɗi a baki, na yi ta juya ta. Abin da ya hana ni ita: buri take faɗa, ba ta faɗi aikin da za a yi ba. Kuma kusan kalmar da yaron nan ya yaudari Kawu da ita ke nan.

Sai can ƙasa wani dattijo, malamin makaranta mai ritaya a nan Jos, ya rubuto layi biyu kacal. Ya ce tunda mun yarda matambayi ba ya ɓata, mu tuna sharaɗin karin maganar: sai wanda aka tambaya yana da kwatance mai kyau. Malam, Allah Ya ƙara girma. Tun da na karanta na kasa zama.

Kwatance. Ku tuna yadda muke yi wa baƙo kwatancen gida a garin nan, inda lambar gida ba ta cika aiki ba.

Da farko kana kiran wuri da sunan da mai zuwa ya sani. Ba za ka ba shi sunan da ke takardar filaye ba, cewa za ka yi ya sauka a Terminus. Haka shafi. An cika wa Kawu nasa da dogon Turancin kamfani game da ingantattun albarkatun noma, alhali mai sayen kayan otal a Wuse abin da zai rubuta bai wuce dankali, buhu, Jos, farashi ba. A nan ma wa ke cewa dankalin Turawa a kasuwa? Airish muke cewa. Kalmomin bakin masu saye su ya kamata su fito a kan shafi, musamman a taken da ke bayyana a jerin sakamako, wanda in ya wuce haruffa 60 ko kusa da haka ake datse shi. Kowane kaya da shafinsa da takensa: na dankali daban, na kabeji daban. Ba sai ka yi duba ba wajen gano kalmomin. Google Search Console kyauta ne, yana nuna maka ainihin abin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana, da sau nawa aka latsa, na tsawon wata 16 baya. Wani abin lura ga masu rubutu da Hausa: yawancinmu ba ma sa ƙugiya a waya, mai neman tela "dinki" zai rubuta, don haka ka duba yadda suke rubutawa kafin ka yanke.

Amma mai kwatance ba ya cewa "Terminus, Terminus, Terminus" sau goma. Cusa kalma ɗaya a kowane layi yana cikin abin da Google ke ɗauka a matsayin algus. Wani ɓoyayyen gurbi ma da ake zuba kalmomi a bayan shafi, wanda har yau wasu ke karɓar kuɗi a kansa, tun 2009 Google suka sanar ba sa amfani da shi wajen jeri.

Na biyu, kwatance ba ya canzawa daga baki zuwa baki. In ka ce wa wannan layi na biyu, ka ce wa wancan na uku, ka ɓatar da su duka. Sunan kasuwanci, adireshi, lambar waya, su zama iri ɗaya a shafi, a Facebook, a ko'ina. Ga mai shago ko rumfa, rajista a Google Business Profile, wadda ita ma kyauta ce, ta fi masa komai saurin amfani, don ita ke sa shi a taswira. Google sun ce abu uku suke dubawa a irin wannan neman na kusa: dacewa da abin da aka tambaya, nisa, da shahara. Nisa ba ka da iko a kansa. Sauran biyun naka ne: ka zaɓi rukunin sana'arka daidai, ka sa lokutan buɗewa na gaskiya, da hotunan rumfarka ta ainihi.

Wani ya ƙalubalance ni cewa kwatance bai ɗauko saurin shafi da tsaronsa ba. Ya ɗauko mana. Wane mai kwatance ne ba ya cewa kada ka bi ta can, hanyar ta lalace? Shafi mai nauyi hanya ce mai ramuka. Wanda adireshinsa bai fara da https ba kuwa, tun 2018 Chrome ke manna masa gargaɗin rashin tsaro, kamar a ce wa baƙo unguwar ba a shiga da dare.

Abin da ya gama saye ni shi ne yadda kowane kwatance na Bahaushe ke ƙarewa: "In ka iso, ka tambayi kowa, an san ni." Shaharar ke nan. Ra'ayoyin abokan ciniki na gaskiya, ƙungiyar 'yan kasuwa da ta sa sunanka a shafinta, gidan abincin da ya rubuta cewa daga wurinka yake sayen kaya. Kawu ya shekara da shekaru yana tara irin wannan shaida a Farin Gada, intanet ce kawai ba ta ji labari ba.

Saboda haka ga inda na tsaya: gyaran kwatance. A rubutu, gyaran kwatancen shafi. Na sa gyara ne don aikin ba na rana ɗaya ba ne, Google ma cewa suke a ba shi wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfani. Ku gwada ta a baki: "Wa ya yi maka gyaran kwatance?" "Shafin nan kwatancensa bai fita ba." "Mai gyaran kwatance nake nema." Tana tafiya. Kuma babu inji ko Google a cikinta, don haka ko a YouTube ake nemanka, ko a TikTok, ko wajen manhajojin ƙirƙirarriyar basira da mutane suka fara yi wa tambaya, kalmar ba za ta tsufa ba.

Na san inda take ɗingishi. Akwai ɗan bayanin layi biyu da ke fitowa ƙarƙashin take a jerin sakamako, wani zai iya ɗauka shi kaɗai ake nufi. Wannan mu bar shi a taƙaitaccen bayani.

Da yamma na koma rumfa na gwada ta. Na ce, "Kawu, shafinku kwatance ne ba shi da shi, mai nema ba ya gane hanya." Bai ce in maimaita ba. Cewa ya yi, "To ai sai ka gyara." Muka zauna a kan buhu, na rage nauyin hotuna, na fito da lambar waya a rubuce, na fara rajistar taswira. Ina cikin yi na ji yana gaya wa maƙwabcinsa mai tumatir cewa ɗansa ya zo gyara masa kwatance. Mai tumatir ya ce, "Au, Alhaji, tashi za ka yi daga layin?" Don haka a karon farko ku riƙa haɗawa da "na shafi".

Saura kalmomin nan da masu saye ke rubutawa a akwatin nema. Ni "kalmomin nema" nake ce musu a yanzu, amma ba ta gama kwanta mini ba. Malam, in kuna kusa, a taimaka.