Saiwar pibuwan daga Faransa: za ta yi fure a Marwa?

Maman Hajara, Marwa:
Assalamu alaikum. Akwai saiwar pibuwan ta daji a hannuna, wani tsiron fure da ake kira Paeonia officinalis a kimiyyance, an kawo daga Faransa. Yaya ake dasa ta, kuma za ta yi fure a ƙasarmu?

Malam Bukar, Garwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya da wuya. Wannan tsiro ɗan duwatsun kudancin Turai ne. Ganyensa kan bushe idan sanyi ya shigo, saiwar ta kwanta barci a ƙasa, kuma ba ta fitar da toho mai fure sai ta sha sanyin da bai wuce digiri 7 ba na sati shida ko fiye. Hunturunmu ba ya kaiwa nan, ko a Ngaundare da ke kan tudu.

Idan za ki gwada, ki saka saiwar cikin yashi mai ɗan danshi a leda, ki ajiye a firij wajen digiri 4, sati takwas. Ba wajen ƙanƙara ba. A watan Disamba ki dasa a tukunya mai zurfin santimita 40 mai huji a gindi, ƙasar lambu haɗe da yashi da takin da ya ruɓe sosai. Ki duba jajayen idanun da ke kan saiwar: su kalli sama, ƙasar da ta rufe su kada ta wuce santimita 3 zuwa 5. Idan suka nutse, ganye za ki gani, babu fure.

Alhaji Abba, Kuseri:
Ƙari a kan na Malam: ruwa ne ke kashe ta kafin rana. Ki taɓa ƙasar, sai ta bushe sannan ki ba ta, a gindi, kada ki jiƙa ganye, don danshi ke kawo ruɓa mai toka-toka a kan toho. Ranar safe kawai, inuwa daga hantsi. Zafin Afrilu kuwa yakan ƙone ganyen kafin saiwar ta tara abincin baɗi, shi ya sa take ƙanƙancewa shekara bayan shekara.

Inna Falmata, Njamena:
'Yar'uwa, idan fure mai ruwan hoda kike so, ki dasa itacen kariya kusa da ita. Ki yanko reshe, ki bar shi a inuwa kwana uku bakin ya bushe, ki soke a yashi. Da rani take fure. Sai dai ruwan jikinta guba ne, a nisanta da yara da awaki.